Ancona: Asalin Sunan a Girkanci da Sauyinsa a Latin da Italiyanci

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba sunan Ancona, birnin da ke gaɓar tekun Adiriyatik a Italiya. Tambayarmu ita ce: daga ina wasalin -a na ƙarshen sunan ya fito, alhali babu shi a kalmar asali?

2. Tarihi

Girkawa ne daga Sirakusa ta tsibirin Sisili suka kafa birnin, wajen shekara ta 387 kafin Miladiyya. Strabon ya ce gudun mulkin Diyonisiyos suka yi. Suka raɗa wa wurin ankōn, wato "gwiwar hannu", saboda gaɓar ta lanƙwashe kusa da dutsen Conero, ta ba jiragen ruwa mafaka.

3. Nahawu

A Girkanci, suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa cikin jimla. In aikau ne, ankōn. In mallaka ce, ankōnos. In karɓau ne, ankōna. Sunan gari kuwa ya fi zuwa a siffar karɓau, domin ita ake amfani da ita in za a ce "zuwa wuri kaza". Saboda haka Ankōna ce kunnen Rumawa ya fi ji.

To, a Latin akwai babban rukunin sunaye na tamata masu ƙarewa da -a, irin su Roma. Sai Rumawa suka ɗauki -a ɗin nan a matsayin ƙarshen aikau, suka sake gina sauran siffofin a kansa. Shi ya sa Kaisar, da yake ba da labarin kama birnin a shekara ta 49 kafin Miladiyya, ya rubuta Anconam: alamar karɓau ta Latin ta hau kan ta Girkanci. Mawaƙa irin su Juvenal sun riƙe Ancon, amma Italiyanci ya gaji Ancona ta bakin jama'a.

Ba wannan sunan kaɗai ba ne. Taras, mai karɓau Taranta, ya ba da Tarentum a Latin da Taranto a Italiyanci. A nan ma tushen da ke ɗauke da -nt- ne ya rayu, siffar aikau ta ɓace.

4. Kammalawa

Darasin da muke so ɗalibanmu su riƙe shi ne: siffar da ƙamus ya jera ba lallai ita mai aro ya ji ba. Wanda ya kwatanta Ancona da ankōn kaɗai zai zaci ɗafa-ƙeyar Latin aka ƙara, alhali wasalin na Girkanci ne, aikinsa ne kawai ya sauya.