Yadda dokar gwajin ƙwaya ta iso kan yara 'yan alkafura

Masu tseren keke ne suka jawo wa duniyar wasanni gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. A 1967 Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi matacce a hawan dutsen Ventoux ana tsakiyar gasar Tour de France, aka sami amfetamin a jikinsa. A 1968 kwamitin Olamfik ya fara gwada fitsarin 'yan wasa, sannan bayan asirin ƙungiyar tseren keke ta Festina ya tonu a 1998, aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, cikin Nuwamban 1999. Ƙa'idar da aka tsaya a kai mai tsauri ce: duk abin da aka samu a jikinka, alhakinsa na wuyanka, ka sani ko ba ka sani ba.

An yanka wannan riga ne daidai ƙarti masu ikon kansu, sai ga shi an zura wa yarinya. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, Andreea Răducan 'yar Romaniya, mai shekara 16, ta ci zinaren gwanar gwanaye a wasan alkafura. Mura ce ta kama ta, likitan tawagarsu ya ba ta Nurofen, wanda ke ɗauke da sinadarin pseudoephedrine. Aka ƙwace zinaren aka miƙa wa Simona Amânar. Babu wanda ya ce ta yi niyyar maguɗi, amma kotun wasanni ta ce doka doka ce. Wani abin takaici, a 2004 aka cire sinadarin daga jerin haramtattu, kafin a maido shi a 2010 tare da ƙayyade yawan da za a tarar a fitsari. Zinaren dai bai dawo mata ba.

Ƙwayar da ake yawan kama 'yan alkafura da ita ma ba ta ƙara ƙarfi. Furosemide maganin fitar da ruwan jiki ne. An haramta shi don yana iya ɓoye sawun wasu ƙwayoyi, yana kuma rage nauyi cikin gaggawa. Da shi aka kama Alina Kabaeva da Irina Tchachina na Rasha a 2001, da Luiza Galiulina ta Uzbekistan a Landan a 2012. A wasan da ake ɗora yara kan sikeli, ana yi musu gorin ƙiba, ni a ganina wannan sakamako ya kamata ya kai masu bincike ɗakin mai horarwa tukuna.

Gyara ya zo da nawa. Tun 1997 hukumar wasan ta duniya, FIG, ta mai da shekarun shiga gasar manya 16, amma sai da ta'asar da likita Larry Nassar ya yi wa 'yan alkafura a Amurka ta fito fili sannan ta buɗe gidauniyar kula da ɗa'a a 2019. Kundin WADA na 2021 ya ware waɗanda ba su kai 16 ba a matsayin masu buƙatar kariya, ana iya sassauta musu hukunci. Duk da haka Kamila Valieva, mai rawar kan ƙanƙara da aka gwada tana shekara 15, ta sha dakatarwar shekara huɗu.

Matsalar ba ta tsaya kan 'yan alkafura ba. A Bazaga da sauran ƙauyukan Birnin Konni, Malbaza da Illela, kokowa ce wasan, kuma a Tawa aka yi gasar takobin ƙasa ta farko a 1975. Nan ma akwai ƙwayar da kowa ya san sunanta: tramol, wadda WADA ta haramta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Saurayin da ya haɗiye ta kafin ya shiga fili, wani ne ya sayar masa, sau da yawa kuma wani babba ne ya ce ya sha. Masu shirya gasa, in za ku hukunta ɗan kokowa, ku tambaye shi wa ya ba shi, ku kuma nema masa likita.