Diyyar allura: daga kotun Washinton zuwa asibitocin Zamfara

A watan Maris na 2017 gwamnatin Amurka ta shigar da raunin kafaɗa cikin jerin illolin rigakafi da ake biya wa diyya. Raunin yakan faru idan mai allura ya soka ta can sama, maganin ya shiga cikin gaɓa maimakon tsokar dantse. Kafaɗa ta kumbura, ta sage, wani lokaci har watanni. Mafi yawan masu wannan ƙara allurar mura aka yi musu. Idan ciwon ya fara cikin awa 48, ba a tilasta wa mutum ya tabbatar da laifin kowa. Dokar da aka kafa a 1986 ta tanadi asusu na musamman, wanda harajin santi 75 a kan rigakafin kowace cuta ke cikawa.

A Arewacin Nijeriya ba ta wannan hanya maganar diyya ta shigo ba. A 1996, shekarar da aka yanki Zamfara daga Jihar Sakkwato, sanƙarau ya kashe dubban mutane. Ana cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba; kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran.

Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, inda aka ware miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa. Daga nan wata wahalar ta kunno kai. Sama da mutum 500 suka fito neman haƙƙi a gwajin yara 200, sai aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta don tantancewa. Sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Wanda ya tsira yana jariri ya riga ya zama saurayi.

Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayar cuta ne, amma a bakin jama'a allura allura ce. Da Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Kano na cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. An zargi malamai, an zargi 'yan siyasa. Ba kasafai aka tambayi inda mahaifi a Tsafe ko Bunguɗu zai kai kuka ba in har allura ta nakasa ɗansa.

Abin mamaki, ba a rasa tushen wannan haƙƙi a gida ba. Shari'ar da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999 ta gaji fiƙihun Malikiyya, wanda ya ƙayyade wa hannu ɗaya rabin diyyar rai, ya kuma ɗora lamuni a kan mai magani idan ya yi sakaci. Sai dai wannan hanya tana neman mai laifi, kuma mai laifin sau da yawa ƙaramar ma'aikaciyar ɗakin shan magani ce, wadda albashinta ba zai biya ko kuɗin jinya ba.

Asusun da ba ya neman mai laifi ya iso Nijeriya a 2021, tare da rigakafin korona na shirin COVAX, wanda ya tanadi diyya ga ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi. Korona kaɗai ya shafa. Rigakafin ƙyanda, sanƙarau da shan inna, waɗanda su ne ake yi wa yaran Zamfara, ba su cikinsa.