Na Farko a Gidansu: Tarihin Ƙungiyoyin da Ke Raka 'Ya'yan Talakawa Jami'a a Amurka

A shekarar 1980 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar ilimi mai zurfi gyara, ta shigar da wani rukunin ɗalibai da a da ba a ware shi ba: yaron da babu ko ɗaya cikin iyayensa da ya kammala digirin farko. Kafin nan, in ana maganar wanda ya cancanci taimako, launin fata da aljihun uba aka fi dubawa. Wannan gyara ya amince cewa akwai wani rashi na uku, wato rashin wanda ya san hanya a cikin gida. Yau akwai ɗaruruwan ƙungiyoyi masu zaman kansu a ƙasar da ba su da aiki sai cike wannan giɓi, kuma sai da aka shafe shekaru kusan tamanin ana gwaji ana gyarawa kafin aikin ya ɗauki siffar da yake da ita yanzu.

Mafarin labarin shi ne 1944. A shekarar aka kafa dokar da ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sama da mutum miliyan 2 suka shiga jami'o'i da kwalejoji ta dalilinta, da yawansu 'ya'yan manoma da leburori. Amma sojan da yake baƙar fata, in ya koma jihohin kudu, sai ya tarar manyan jami'o'in ba sa karɓar irinsa, kwalejojin baƙaƙen fata kuwa sun cika maƙil, kuma ba su da kuɗi. A wannan shekarar ce Frederick Patterson, shugaban kwalejin Tuskegee, tare da Mary McLeod Bethune da wasu, suka haɗa kwalejojin baƙaƙen fata 27 a asusu guda, United Negro College Fund, don su riƙa neman gudummawa da murya ɗaya. Damuwar wancan zamani ita ce a samu makarantar da za ta buɗe ƙofa, a samu abin biyan malamai.

Shekarun 1960 suka zo da gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata. A 1963 aka kafa ƙungiyoyi biyu da har yanzu suke aiki: A Better Chance, mai zaƙulo yara masu hazaƙa ta kai su manyan makarantun kwana, da SEO a birnin New York, wadda ta fara da 'yan sa-kai masu zama da ɗaliban sakandare suna shirya su. Sai gwamnati ta shigo da ƙarfinta. Shugaba Lyndon Johnson ya taɓa koyarwa a 1928 a wata ƙaramar makaranta a garin Cotulla na jihar Texas, inda ɗalibansa 'ya'yan talakawa ne 'yan asalin Meziko, kuma ya sha ambaton cewa ya san a lokacin babu jami'ar da ke jiransu. A ranar 8 ga Nuwamba 1965 ya koma kwalejin da ya yi karatu a San Marcos ya sa hannu a dokar ilimi mai zurfi. Daga yaƙinsa da talauci aka samu shirye-shirye uku, Upward Bound da Talent Search da na tallafa wa waɗanda suka riga suka shiga jami'a, waɗanda aka haɗa su da suna TRIO. A 1972 aka ƙara tallafin kuɗin da ba a biya, wanda daga baya aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Mutanen da suka yi aiki a TRIO, irin su Arnold Mitchem na Jami'ar Marquette, su ne suka matsa har aka shigar da batun ɗalibin da iyayensa ba su yi digiri ba cikin doka, kuma a 1981 suka kafa ƙungiyarsu a Washington don kare shirin.

A 1981 ɗin ne wani abu ya faru a unguwar Harlem ta Gabas da ya karkatar da hankalin masu kuɗi zuwa wannan fage. An gayyaci attajiri Eugene Lang ya yi jawabi a bikin yaye 'yan aji shida a makarantar firamaren da shi kansa ya yi. Mahaifinsa ya yi ƙaura ne daga Hangari, kuma da tallafi ya yi karatu a kwalejin Swarthmore. Shugaban makarantar ya shaida masa cewa yawancin yaran ba za su gama ko sakandare ba. Lang ya ajiye jawabin da ya shirya, ya yi wa yara 61 alkawarin cewa duk wanda ya kammala sakandare, shi zai ɗauki nauyin jami'arsa.

Alkawarin ne jaridu suka yi ta yayatawa, amma a ganina abin da ya biyo baya ya fi shi nauyi. Ba a daɗe ba Lang ya gane cewa yaro ɗan shekara goma sha biyu ba zai rayu da alkawarin da sai bayan shekara shida za a cika ba. Wani gidansu babu zaman lafiya, wata ta yi ciki, wani ya daina zuwa aji ba wanda ya tambaya. Sai ya ɗauki ma'aikaci na musamman mai bibiyar yaran kullum, ya nemo masu koya musu darasi, ya buɗe musu ƙofar ofishinsa. Mafi yawansu suka gama sakandare, fiye da rabi suka wuce gaba. A 1986 ya mayar da abin gidauniya mai suna I Have a Dream, attajirai a wasu birane suka bi sahu. Ɗaya daga cikin masu irin wannan yunƙuri, George Weiss, ya yi wa yara 112 na makarantar Belmont a Philadelphia alkawari a 1987. Bayan shekaru, kimanin 20 ne suka samu digiri. Wannan adadi ya fi abin da aka saba gani a unguwar, amma ya nuna wa kowa cewa ko an ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya, akwai sauran aiki mai yawa.

Wani ɓangaren aikin Deborah Bial ce ta gano shi. Tana aiki da matasa a New York a ƙarshen shekarun 1980, tana ganin yara masu ƙoƙari suna samun gurbi da tallafi a manyan jami'o'i, amma kafin shekara ta zagayo sun dawo gida. Wani cikinsu ya gaya mata cewa da yana tare da abokan tafiyarsa da bai bar karatun ba. Daga wannan magana ta kafa Posse a 1989, ta tura ɗalibai biyar tare zuwa Jami'ar Vanderbilt. Tsarin da ya tabbata daga baya shi ne a zaɓi yara goma daga birni ɗaya, a horar da su tare na tsawon watanni kafin tafiya, jami'a ta biya kuɗin karatunsu, a kuma ba su malami guda da za su riƙa zama da shi. Ƙungiyar ta ce tara cikin goma na ɗalibanta suna kammalawa. Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya je karatu inda ba mai magana irin tasa, ba mai cin irin abincinsa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan dalilin wannan nasara ba.

Daga 1993 zuwa tsakiyar shekarun 2000 ne ƙungiyoyin suka yawaita: College Summit a Washington, QuestBridge da ta faro daga Jami'ar Stanford, Bottom Line a Boston a 1997, College Advising Corps a Virginia a 2005. A 2000 Jim McCorkell, wanda shi ma daga gidan marasa hali ya fito, ya kafa Admission Possible a St. Paul ta jihar Minnesota da ɗalibai 35, ita ce College Possible ta yau. Dabararsa ita ce amfani da matasan da suka gama jami'a suke hidimar ƙasa a ƙarƙashin AmeriCorps a matsayin masu ja-gora, don haka aikin bai yi tsada ba. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba sa biyan kuɗin makaranta. Abin da suke yi shi ne abin da uba mai digiri ko yayar da ta riga ta shiga jami'a ke yi wa yaro a gida ba tare da kowa ya kira shi aiki ba: a zauna a zaɓi makarantun da za a nema, a shirya jarrabawar shiga, a duba rubutun da yaro zai gabatar da kansa, a cike fom ɗin neman tallafin gwamnati mai suna FAFSA, wanda kafin a sauƙaƙa shi tambayoyinsa sun haura 100, sannan a kwatanta wasiƙun jami'o'i a gane wanne kuɗi ne kyauta, wanne ne bashi. Da ɗan gari akan ci gari.

Masu bincike sun zo sun auna wannan. A 2008 wasu masana tattalin arziki, ciki har da Eric Bettinger da Bridget Terry Long, suka haɗa kai da kamfanin H&R Block mai taya mutane cike takardun haraji, a jihohin Ohio da North Carolina. Wasu iyalai an ba su bayani kawai a kan tallafin da 'ya'yansu za su iya samu, wasu kuma aka zauna da su na 'yan mintuna aka cike musu fom ɗin. Bayani kaɗai bai canza komai ba. A gidajen da aka taya cikewa kuwa, yawan yaran da suka yi shekara biyu a kwaleji ya tashi daga kashi 28 zuwa kashi 36 cikin ɗari. Caroline Hoxby da Christopher Avery suka nuna cewa mafi yawan 'ya'yan talakawa masu sakamako mafi kyau a ƙasar ba sa ma neman manyan jami'o'i, alhali waɗannan jami'o'in ne suka fi ba da tallafi mai tsoka. Benjamin Castleman da Lindsay Page kuma suka gano cewa yara da dama da aka riga aka ba gurbi suna ɓacewa a hutun da ke tsakanin gama sakandare da fara jami'a, saboda wata takarda da ba a cike ba ko wani kuɗin ajiya da ba su fahimta ba, a daidai lokacin da malaman sakandare sun sallame su, na jami'a kuma ba su karɓe su ba.

Duk da haka, shekaru da yawa abin da ake ƙirgawa shi ne mutum nawa suka shiga. A 2008 Cibiyar Pell ta fitar da rahoton Jennifer Engle da Vincent Tinto, wanda ya nuna cewa cikin ɗaliban da suke talakawa kuma na farko a gidansu, kashi 11 cikin ɗari ne kawai suka samu digiri bayan shekara shida, a yayin da takwarorinsu da ba su da waɗannan matsaloli biyu suka kai kashi 55. A 2011 makarantun KIPP, waɗanda suka yi suna wajen tura 'ya'yan talakawa jami'a, suka bayyana da bakinsu cewa kashi 33 ne kawai na ɗalibansu na farko suka kammala digiri. Na daɗe ina ganin wannan rahoto a matsayin ɗaya daga cikin abubuwa mafi daraja a tarihin nan, domin ba kowace ƙungiya mai rayuwa da gudummawa ce za ta wallafa adadin da zai rage mata kwarjini ba. Bayan haka rakiya ta tsawaita zuwa cikin jami'a: mai ja-gora yana bugo waya ya ji ko an sabunta fom ɗin tallafi, ko an faɗi wani darasi, ko ɗalibin ya ƙara awannin aikin neman kuɗi har karatu ya fara shan wahala. Sau da yawa abin da ke korar ɗalibi bashin 'yan ɗaruruwan daloli ne da ya hana shi rajistar zango mai zuwa. Bottom Line, wadda tun farko ta ɗauki bibiyar ɗalibi har ya gama a matsayin aikinta, ta yarda a gwada ta da ƙuri'a, aka raba masu nema gida biyu, kuma binciken Andrew Barr da Castleman ya tabbatar cewa waɗanda aka raka sun fi samun digiri da tazara mai ma'ana.

Irin wannan tunani ya iso Afirka ma. Shirin tallafin ɗalibai da gidauniyar Mastercard ta ƙaddamar a 2012 da dala miliyan 500, wanda jami'o'in Ashesi da KNUST na Gana suke ciki, ya haɗa kuɗin karatu da masauki da mai ba da shawara.

Sai dai akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Ƙungiyoyi irin su Posse da QuestBridge suna tace dubban masu nema su ɗauki kaɗan, waɗanda wataƙila da ma za su kai ko ba su. Yaron da sakamakonsa matsakaici ne, wanda zai je kwalejin unguwa ta shekara biyu yana aiki da dare, shi ne mafi yawa, shi ne kuma ba a cika gani a hotunan liyafar tara kuɗi ba. Haka kuma ƙungiyoyin sun fi taruwa a manyan birane, karkara ta zama saniyar ware. Ko kyautar dala biliyan 1 da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta sanar a 1999 ɗalibai 20,000 aka tsara ta ɗauka, a ƙasar da miliyoyin ɗalibai ke karɓar tallafin Pell kowace shekara. Shi kuwa tallafin Pell, wanda a tsakiyar shekarun 1970 yake biyan kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati, yau bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ƙungiyoyin nan sun tabbatar da cewa rakiya tana aiki, amma a kan kuɗin gwamnati suka jingina, domin yaron da suka taya cike fom daga baitulmali yake karɓa, masu ja-gorar da yawa kuma 'yan hidimar ƙasa ne. A Afrilun 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta soke tallafin AmeriCorps na kusan dala miliyan 400, sannan a daftarin kasafin kuɗinta na 2026 ta nemi a rufe TRIO gaba ɗaya, shirin da ke hidima ga ɗalibai sama da 800,000. Babu gidauniyar da ke da ƙarfin ɗaukar wannan adadi in gwamnati ta janye hannunta.