Daga Bakin Raga Zuwa Takardar Asali: Tarihin Kiwon Karen Sifaniyel a Ingila

Kafin bindiga ta shiga hannun mafarautan Turai, mai son naman tsuntsu raga yake ɗauka ya nufi daji, ko ya ɗora shaho a hannu. To amma raga ba ta shiga ƙaya, shaho kuma ba ya kama abin da bai tashi sama ba. Dole a sami mai kutsawa cikin sarƙaƙiya ya tayar da tsuntsu. Wannan aikin ne ya haifar da sifaniyel, gajeren kare mai dogayen kunnuwa masu reto da hanci mai kaifi, wanda wutsiyarsa ba ta hutawa. Gaston Phoebus, mai mulkin Foix a kudancin Faransa, ya siffanta shi a littafin farauta da ya fara rubutawa a 1387, yana mai cewa daga Sifen irin ya fito. A 1570 John Caius, likitan fadar Ingila, ya rubuta littafi da Latin a kan karnukan Birtaniya, inda ya ambaci sifaniyel na tudu, da na ruwa, da wasu ƙanana da matan masu sarauta ke riƙewa, waɗanda ba su da aikin da ya wuce kwanciya a cinya.

A wancan zamani irin na gari ba a kasuwa ake samunsa ba. Kowane babban gida yana da karnukansa da mai tsaron dajinsa, shi ke zaɓen karyar da za a haɗa da karen da ya fi ƙwazo a farauta, idan ta haihu maigida ya yi wa abokansa kyauta. Shi ya sa har yau wasu ire-iren ke amsa sunan gidaje: Clumber daga gandun masu sarautar Newcastle, Blenheim mai launin fari da ja daga fadar masu sarautar Marlborough. Sarki Charles na Biyu, wanda ya hau gadon mulki a 1660, shi ya kai son ƙananan makura. Samuel Pepys ya rubuta a kundinsa cewa ana zaman majalisa sarki yana wasa da karensa, John Evelyn kuwa ya koka da yadda karnukan ke haihuwa a ɗakin kwanan sarki har wari ya gauraye fada.

Juyi ya zo a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ita ma ta taso da nata ɗan sifaniyel mai suna Dash. Masana'antu sun samar da sababbin masu kuɗi a birane, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiya, kowa yana son karen da aka gani a gidan manya. Da abu ya yi daraja ɓarayi sai su biyo. A Landan ta shekarun 1840 akwai gungun da sana'arsu satar kare a nemi kuɗin fansa. Marubuciyar waƙoƙi Elizabeth Barrett sau uku ana sace mata karenta Flush, sau uku tana biya.

A watan Yunin 1859 aka yi gasar nunin karnuka a Newcastle, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irin ta zamani, da karnuka 60. Kafin shekarar ta ƙare an yi wata a Birmingham, a nan sifaniyel ya shiga fage. Gasa ta kawo gardama da maguɗi: kare ɗaya da suna biyu, uba ɗaya a baki, wani daban a zahiri. Don a kawo tsari aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873 a ƙarƙashin jagorancin Sewallis Shirley, a 1874 ta fitar da kundin asali na farko. A 1885 masu sifaniyel suka kafa tasu ƙungiyar, a 1891 kuma Charles Cruft, wanda ya koyi kasuwanci a wajen sayar da biskit ɗin karnuka, ya buɗe gasar da ke ɗauke da sunansa har gobe.

Abin da ya fi ba ni dariya a wannan tarihi shi ne yadda ake raba iri da sikeli. Karya ɗaya za ta haifi 'ya'ya a ciki ɗaya, wanda bai wuce laba 25 ba, wato kilo 11 da ɗoriya, a ce masa koka, ɗan'uwansa da ya fi shi ci a sa shi a wani aji. Sai a 1901 aka soke wannan ƙa'ida, a 1902 aka amince da sifaniyel irin sifiringa na Ingila da na Wales a matsayin iri masu zaman kansu. A hankali ƙofa ta rufu. Kare ba ya zama ɗan dangi sai uwarsa da ubansa suna cikin kundi.

Takarda ta yi amfani, domin ta rage ƙarya. Ta kuma kawo tata cutar. Alƙalin gasa siffa yake gani, ba ya ganin zuciya ko ƙoda. Karen da ya ci kofi kowa sai ya kai masa karyarsa, cikin 'yan shekaru rabin irin jikokinsa ne, da kyansa da lahaninsa. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 aka ga misali a kan sifaniyel na fili, wanda masu kiwo suka dinga ja wa jiki suna gajarta masa ƙafa har ya kasa farauta, irin ya kusa ɓacewa.

Babban darasi yana wajen kabaliya. Ƙananan karnukan fada sun sauya kama a tsawon shekaru, hancinsu ya lotse, kansu ya mulmule. A 1926 wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a gasar Crufts ga wanda ya kawo mai dogon hanci irin na tsofaffin zane-zanen zamanin Sarki Charles. Masu kiwo suka tattara 'yan kaɗan da suka dace, suka kafa ƙungiya a 1928, Kennel Club ta amince da irin, wato kabaliya, a 1945. Karnuka ƙalilan ne suka zama kakannin kowa, aka yi ta auren zumunci a tsakaninsu. Yau ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe kabaliya. Akwai kuma wata cuta da ƙoƙon kai ke yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, ruwa ya taru a laka, ka ga kare yana susar iska kusa da wuyansa yana kuka. A 2008 BBC ta nuna wannan a wani shirin bincike, jama'a suka harzuƙa, tashar ta daina watsa gasar Crufts, a 2009 Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko 'yan'uwan juna. A 2023 kotun ƙolin Norway ta hana kiwon tsantsar kabaliya a ƙasar.

Farin jini ma ya yi tasa ɓarnar. H. S. Lloyd ya lashe babban kofin Crufts sau 6 da koka tsakanin 1930 da 1950, wani fim ɗin Disney na 1955 ya sa kowane yaro yana son karya mai dogon kunne. Masu kiwo na gaskiya suka kasa biyan buƙata, sai aka sami masu tara karnuka a rumbuna, karya tana haihuwa ciki bayan ciki, dillalai suna kwasar 'ya'yan suna kaiwa shaguna. A 2013 aka ceto wata kabaliya mai suna Lucy daga irin wannan wuri a Wales, ƙashin bayanta ya karkace saboda zaman keji. Da sunanta aka yi fafutukar da ta haifar da dokar 6 ga Afrilun 2020, wadda ta hana dillali ko shago sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba a Ingila. Mai saye sai ya je wajen mai kiwo da kansa, ko gidan da ake kula da yasassun dabbobi.

Mu da muka taso muna ganin kare a bayan mafarauci ko a ƙofar gida yana gadi, wannan ɗawainiya tana iya yi mana kama da wasa. Na daina ganinta haka ranar da na raka wani maƙwabcina Bature wata gona don ya ɗauko ɗan koka. Matar gidan a kicin ta sauke mu. Uwar tana kwance kusa da murhu, nononta a zube, 'ya'yan suna hawa kanta suna jan kunnuwanta. Maƙwabcin nawa ya zo da tambayoyinsa a takarda, amma matar ce ta fi tsare shi: awa nawa yake yi a wajen aiki, gidansa yana da shinge, wa zai fita da karen safe da yamma? Ta ce masa wannan jinin farauta ne, idan ba a ba shi aiki ba zai nemo wa kansa, kuma da kujerun falo zai fara. Sai da ta gamsu ta ɗauko fayil: takardar asali, sakamakon gwajin jinin iyayen na makanta da ciwon ƙoda na gado, katin allurar rigakafi da maganin tsutsa, da lambar 'yar ƙwayar na'ura mai girman shinkafa da aka sa masa a ƙarƙashin fatar wuya. Ta haɗa masa da ɗan buhun abincin da kwikwiyon ya saba ci, da yankin bargon da uwar ta kwanta a kai, don warinta ya rage masa kuka a daren farko. Shi kuma tun mako guda kafin nan ya sayi keji da kwanon ci, ya ɗage wayoyin lantarki daga ƙasa, ya toshe ramin da ke gindin shingensa.

Kowane abu a cikin fayil ɗin nan yana da ranar haihuwarsa. Na'urar wuya ta zama dole a 2016. Dokar 2018 ta wajabta lasisi a kan mai samun haihuwa uku ko fiye a shekara yana sayarwa, ta hana shi sayar da kwikwiyo kafin sati takwas, ta tilasta masa nuna ɗan tare da uwarsa. Yanke wutsiya, al'adar ɗaruruwan shekaru, an hana shi tun 2007 sai ga karen aiki, shi ma likitan dabbobi ne zai yi kafin ɗan ya wuce kwana biyar.

A ganina, bayan shekara 150 ana rubuta sunayen kakanni, Ingila ta dawo kan abin da mai tsaron daji ya sani tun farko, wato barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Takardar asali tana faɗin wanda ya haifi wane, ba ta faɗin lafiya ko hali. Duk wanda zai sayi dabba, a ko'ina yake, ya je inda aka haife ta ya ga uwar da idonsa. Idan mai sayarwa ya ce a haɗu a bakin titi, ya riƙe kuɗinsa.