Zinariyar Bagega da Muryar Mai Ciwo: Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu a Zamanin Dunƙulewar Duniya

A farkon shekarar 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba a kasuwar Landan. Kafin ƙarshen 2009 ta haura dala 1,000, domin durƙushewar bankunan Amurka a 2008 ta sa masu dukiya sun guji kuɗin takarda sun fake a zinariya. Labarin ya iso Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ta bakin dillalai, manomi ya ajiye fartanya ya ɗauki diga. Aka riƙa kwaso duwatsu daga rami ana shiga da su gida, ana niƙawa da injin da aka saba niƙa hatsi, yara na rarrafe cikin ƙurar, alhali duwatsun cike suke da dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, suka gano cewa yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Aƙalla yara 400 suka rasu.

Wannan shi ne abin da masana ke nufi da dunƙulewar duniya idan an sauko da shi ƙasa: farashin da aka yanke a wata nahiya ya shiga har tsakar gidan talaka. Hanyar da ta kawo musibar kuwa ita ce ta kawo masu agajin, ƙungiyar da aka kafa a Faransa a 1971. Shi ya sa muhawara kan ƙungiyoyi masu zaman kansu ta rabu gida biyu a wajenmu, wasu na yi musu kallon masu ceto, wasu na ganinsu 'yan kanzagin Turawa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne dukkan ɓangarorin sun kauce wa ma'aunin da ya dace. Abin dubawa shi ne ko aikin ƙungiya ya bar wa mai ciwo muryar da zai tuhumi hukuma da ita, ko kuwa ya tsaya ga ɗaure miki.

Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da dalmar ta shafa, ta nuna iyakar agaji ƙarara. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma ya zauna kan gurɓatacciyar ƙasa, don haka dole a fara kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci na nan, magani na nan, yara kimanin 1,500 na jira, amma kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, naira miliyan 850, ya maƙale a Abuja. Ba wata allura da za ta warware wannan. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta kai zancen idon duniya, wasu matasan Nijeriya kuma, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki gangamin Follow the Money suna tambaya a kafafen sada zumunta ina kuɗin ya shiga, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a watan Janairun 2013. Wato abin da ya buɗe wa magani ƙofa siyasa ce, irin wadda farar hula ke yi ba tare da neman kujera ba.

Sai dai idan muka aza Bagega kusa da abin da ya faru a Afirka ta Kudu za mu ga inda giɓin yake. Yarjejeniyar haƙƙin mallakar fasaha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta ba kamfani kariyar shekara 20 kan abin da ya ƙirƙiro. A lokacin maganin cuta mai karya garkuwar jiki yana cin sama da dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara. Da gwamnatin Nelson Mandela ta yi dokar sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa a 1997, kamfanonin magunguna suka maka ta a kotu. A Disambar 1998 Zackie Achmat da abokansa suka kafa ƙungiyar Treatment Action Campaign, suka haɗa kai da MSF da Oxfam har shari'ar ta zama abin kunya ga masu ƙara. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin kan dala 350 a shekara, a watan Afrilu kamfanoni 39 suka janye ƙararsu, a Nuwamba kuma taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Doha ya amince cewa yarjejeniyar ba za ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba.

Abin da ya fi jan hankalina ya zo ne bayan wannan nasara. Treatment Action Campaign ta juya kan gwamnatinta, ta maka ta a kotu har shari'ar ta kai Kotun Tsarin Mulki, kuma a 2002 aka tilasta wa gwamnati ba mata masu juna biyu maganin da ke kare jarirai. Ta iya yin haka ne domin da yawa daga mambobinta su ne masu ɗauke da cutar, suna da rassa a unguwannin talakawa irin su Khayelitsha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ya tashi don wa'adin tallafi ya ƙare. A Bagega kuwa, waɗanda duniya ta ji muryarsu daga Abuja suke da ƙasashen waje. Ba raina aikinsu nake yi ba, rayuka sun tsira ta dalilinsu. Amma iyayen da suka binne 'ya'yansu labarinsu aka bayar, ba su ne suka riƙe ragamar maganar ba.

A nan ne sukar masu suka take da ƙamshin gaskiya. Ƙungiyar da ke rayuwa da tallafin waje, ga mai ba da kuɗin take kai rahoto, da harshensa take rubutu, abin da ya sa a gaba a bana shi ne nata. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, ayyukan lafiya da na ciyarwa da dama a Afirka sun tsaya cak, aka ga cewa zanen aro ba ya rufe katara. Duk da haka bai kamata a miƙa wa hukumomi wannan hujja su yi sanda da ita ba. Lokacin da gwamnatin Tandja Mamadou ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi a 2008, yaran da tamowa ta kama ne suka ji a jikinsu. Kiran 'yancin ƙasa daga bakin wanda bai cike gurbin da ya kori wani daga ciki ba, tsoron shaida ne.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar haɗin kan farar hula ba ce. Akwai gayya da adashi, akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a da na ci-gaban gari, ga 'yan agaji da kwamitocin zakka da waƙafi. Suna da abu biyu da ƙungiyar ofis ke nema ruwa a jallo, amanar jama'a da kuɗin aljihunsu. Rauninsu shi ne sun saba gina aji ko haƙa rijiya da kansu, ba su saba buɗe kasafin kuɗin ƙaramar hukuma su tambayi inda na rijiyar ya tafi ba. Ilimin bin sawun kuɗi da auna gubar ƙasa da kai ƙara, wanda ƙungiyoyin waje suka ƙware a kai, wajen waɗannan ya kamata ya sauka, cikin harshensu, tun baƙon bai ɗaure kayansa ba.

Buƙatar kuwa ba ta wuce ba. A 2015 gubar dalma ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, ta kashe yara 28. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma na Zamfara ga hukumomin jihar. A watan Maris na 2025 oza ɗaya ta zinariya ta haura dala 3,000, ninki uku na farashin da ya fara tura manoman Anka cikin rami.