Samaru da Kansas: Darasin Manoman Zazzau

Jama'a, tun 1922 a ke binciken aikin gona a Samaru. Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta aiko da malamai, aka haɗu wajen raya sashen aikin gona da na likitancin dabbobi.

A ganina, babbar ribar wannan zamani a ƙauye aka same ta. A 1966 David Norman, wanda daga baya ya zama malamin Kansas, ya shiga Hanwa, Doka da Dan Mahawayi, yana ƙididdigar aikin manomi da amfaninsa. Da ma masana da yawa suna ɗaukar haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafi ya nuna haɗin ya fi riba, kuma in damina ta yi gardama, ba duka a ke asara ba.