Ciwon da ba ya fidda jini

Shekarun baya, ina koyarwa a wata lakwal, yara biyu suka yi karo da ka wajen buga balo. Ɗaya ya faɗi, ya tashi yana tangaɗi. Na duba kansa ban ga jini ba, na zuba masa ruwa, na ce ya koma fili. A wajenmu in babu jini babu ciwo. Sai da na karanta tarihin da zan ba ku na gane kasadar da na yi da ɗan mutane.

Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta cewa tsofaffin ƴan dambe na kamuwa da wata cuta: hannu na rawa, harshe ya yi nauyi, tafiya ta koma ta mashayi, daga baya hankali ya gushe. Aka ɗauka abin na ƴan dambe ne kaɗai, aka yi shekara fiye da 70 a haka.

A watan Satumba na 2002 Mike Webster ya rasu yana da shekara 50. Gwani ne a ƙwallon Amurkawa, wadda ba irin tamu ba ce: a hannu ake riƙe ta, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Webster ya yi shekara 17 yana wannan karo, ya ci babban kofinsu sau 4 da ƙungiyar Pittsburgh Steelers. Da ya bar wasa sai mantuwa da ruɗewa, aure ya mutu, dukiya ta ƙare, har ya koma kwana cikin mota. Likitan da ya binciki gawarsa ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take, amma da ya duba ta da madubin likita sai ya ga wani sinadari mai suna tau ya dunƙule cikinta yana kashe ƙwayoyinta. A 2005 ya buga sakamakon bincikensa kan wannan cuta da ake kira CTE.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take, a tsakiyar ƙoƙon kai. Girgiza ƙwai da ƙarfi: ɓawon bai fashe ba, amma gwaiduwa ta motsu. Hular kwano ƙashi take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. In hakan ya maimaitu dubban lokuta cikin shekaru, ɓarnar taruwa take yi.

Hukumar wasan, NFL, ba ta yi marhabin da labarin ba. Likitocinta suka nemi a janye rubutun Omalu, don wasan na kawo biliyoyin dala. Amma gawarwaki suka ci gaba da ba da shaida. A 2011 tsohon ɗan wasa Dave Duerson ya kashe kansa, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa, aka kuwa samu cutar. A 2013 hukumar ta yarda ta biya dala miliyon 765 bayan ƙarar tsofaffin ƴan wasa sama da 4,500. Sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban ƴan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 Jami'ar Boston ta binciki ƙwaƙwalen tsofaffin ƴan wasan NFL 111, ta samu cutar a 110, ko da yake yawancinsu iyalai ne suka miƙa su don sun riga sun ga alamu.

Kada a ce ai tamu ƙwallon ta ƙafa ce. A wannan shekara ta 2002 Jeff Astle na West Bromwich Albion, gwanin cin ƙwallo da ka, ya rasu a Ingila yana da shekara 59, hankalinsa ya riga ya gushe. Mai binciken dalilin mutuwa ya yanke cewa sana'arsa ce ta kashe shi. A 2019 Jami'ar Glasgow ta bi tarihin tsofaffin ƴan ƙwallo 7,676, ta ga mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kusan sau 3 da rabi. Tun 2015 Amurka ta hana yara masu shekara 10 zuwa ƙasa sa kai ga ƙwallo.

Ban ce a hana yara balo ba, kuma faɗuwa ɗaya ba ita ke kawo CTE ba. Abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da iyaye kaɗan ne. Yaron da ya bugu a ka, yana jiri ko ya ruɗe, ya gama wasa ranar nan, ko da ya rantse ya warke, don bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. In ya yi amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, a kai shi asibiti nan take. A bar koya wa ƙanana sa kai ga ƙwallo mai nauyi. Mu tuna da haka kuma a dandalin dambe, inda muke shewa in an kayar da mutum.

Yaron nan nawa ya tashi lafiya. Allah ne ya kiyaye, ba dabarata ba.